Kuyya Shida da Na Ba Yayana

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, har jikokina sai na kira suna uku kafin in dace da wanda nake nufi. Amma abin da ya faru tsakanina da yayana a wata damina, shekara biyu bayan babban farin nan da ya cinye dabbobin mutane, ba zan manta da shi ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. Taimakonsa na tashi yi, na kusa korar sa daga garin ubansa. Abin dariyar kuma, da wasan Turawa na yi ɓarnar, wasan da duk Madarumfa babu wanda ya taɓa ganinsa in ba ni ba.

Ina saurayi, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, na fara zuwa cin rani Kano. Da an ɗaure gero sai mu hau kamyo, wato babbar motar kaya, mu bi ta Ɗan Issa, mu tsallaka iyaka, sai Katsina, sai Kano. Abokan tafiyata wasu ga-ruwa suke yi, wasu dako. Ni Allah ya kai ni filin da ake wasan golf, wanda yanzu nake jin 'yan rediyo suna ce wa ƙwallon lambu, na samu aikin ɗaukar jakar sanduna. Mutum ne babba, da tumbinsa da motarsa, zai bugi wata 'yar ƙwallo fara da ba ta kai ƙwan kaza ba, ya bi ta a ƙafa cikin rana, ya sake bugu, har sai ta faɗa rami. Ramukan goma sha takwas ne, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Satin farko na ɗauka duk taɓaɓɓu ne. Rani bakwai na yi a wurin, har ni ma na taɓu.

Abin da ya fi burge ni a wasan ba bugun ba ne, wani tsari ne da mu masu jaka muke kira rangwame. Kowane ɗan wasa yana da lambarsa. Gwani ba a ba shi komai, ko a ba shi ɗaya ko biyu. Wanda hannunsa bai nuna ba a ba shi goma sha takwas, ko ashirin. In an gama sai a cire wa kowa lambarsa daga bugun da ya yi. Da haka tsoho mai rawar hannu zai kara da saurayi, a yi ta tafiya ba a san mai ci ba sai ramin ƙarshe. Kuma ban taɓa ganin ɗan wasan da ya yarda lambarsa daidai take ba. Kowa ƙorafi yake, ni an rage mini, wane an ƙara masa. In ka ga mutum ya daina ƙorafin lambarsa, to ya kusa daina zuwa filin.

Shugaban masu jaka wani dattijo ne Bakano, siriri, mai goro a baki kullum. Wata shekara aka tafi da mu gasa Jos, ni ina riƙe da jakar wani likita da lambarsa goma sha huɗu ce, kowa ya sani. Muna isa na ga an rubuta masa goma sha bakwai a allo. Na lallaɓa wurin dattijon ina raɗa masa cewa ko dai an yi kuskure, ko likita ya san wani a ofis. Ya dube ni ya ce, “Ɗan Faransa,” don haka suke kiran mu mutanen Nijar, “ɗaga kai ka dubi filin nan. Namu na Kano a shimfiɗe yake. Nan ga dutse, ga kwari, ga iska. Likita ɗaya ne, amma fili ba ɗaya ba ne. Lambar nan ba ta mutum ba ce shi kaɗai, tasa ce shi da ƙasar da zai taka. Ko a gida ma, in bibbiyu za a yi wasan, ba a ba kowa tasa duka, sai an rage, don abokinka yana rufa maka asiri.” Na ce masa na gane. Ban gane ba. Rabin farko na riƙe, wato mai rauni a ƙara masa, sauran na bar shi can Jos.

Yanzu bari in gaya muku wane ne yayana. Shekara shida ya ba ni, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da nake tasowa, in aka yi gayya a unguwarmu shi ake kallo. Makaɗin noma yana hango shi zai sauya kiɗa, ya fara masa kirari, “Bijimin gabas, ka fita ana salla, ka dawo an ci tuwo.” Ni kuwa ana nuna ni a ce ga ƙanen wane, kuma hakan ya ishe ni tinƙaho. Ina can Kano kurkunu ya kama shi a gwiwar hagu. Ya kwanta damina guda cur, da ya tashi ƙafar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa, sai ya ja ta. Bayan haka fari ya zo, mahaifinmu ya rasu, na tattara na dawo gida gaba ɗaya. Muka raba aiki, ni na riƙe gonar jigawa ta hanyar Safo, shi ya riƙe fadamar mahaifinmu da ke kusa da tabki.

Mutumin da na tarar ba wanda na bari ba ne. Ya daina zuwa gayya. In ya ji gangar noma sai ya shige ɗaki. Da an sallame asuba zai saɓa galmarsa ya bi bayan gari zuwa fadama don kada a ga tafiyarsa, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. Ni kuma tausayinsa ya cika mini ciki, har ba na iya kallonsa sosai. In ya taso zai ɗauki wani abu sai in yi wuf in riga shi. A lokacin ina ganin ladabi nake yi.

Wata rana da hantsi, farkon damina, muna zaune a zaure yana gyara ƙotar galma, ya ce ba tare da ya ɗago ba, “Kai da ka san Kano, ka samo mini gadi. In anka yi kaka ni tahiya za ni yi. Hwadama ka ba wanda ka ga dama shi noma.” Na ce, “Haba Yaya, gadi kuma?” Ya ce, “Mai ƙahwa guda mi ya rage mishi in ba zama bakin ƙohwar wani ba? Can dai ba wanda ya san ni da biyu.” Na san masu gadin Kano. Na sha ganin manyan manoma daga ƙasarmu zaune a kan benci, suna miƙewa suna buɗe wa yaron gida ƙofa. Da na hasko yayana a kan bencin nan, sai na ƙudura a zuciyata ko ta halin ƙaƙa ba zai tafi ba.

A daminar ce samarin gari suka shirya gasar noma, don mutane su ɗan warware bayan wahalar da aka sha. Kwana biyu za a yi, mako guda tsakani. Ranar farko noman gero da hauya a gonar mai gari ta jigawa, wanda ya ci a ba shi sabuwar hauya. Ranar ta biyu huɗar dawa da galma a fadama, wanda ya ci ya ja rago. Za a fara da hantsi a tsaya da kiran azahar, a ƙirga kuyyar kowa, wato layukan da ya gama. Matsalar ita ce kowa ya san mai ci tun ba a fara ba. Akwai wani dogon saurayi ɗan gidan masunta, in ya kama hauya sai ka ce korar sa ake yi. Magidanta suka ce su ba za su je su zama abin dariyar yara ba.

Nan na ga ƙofa ta buɗe. Na tashi a gaban mai gari da sarkin noma na kwashe labarin rangwame na zuba musu, har da kwatanta yadda ake riƙe sanda. Aka yi ta dariya, wani ya ce ashe shekara bakwai ƙwai na yi ta bi a Kano. Amma maganar ta shiga. Mai gari ya ce tunda ni na kawo, ni zan raba. Sarkin noma, wani tsoho gajere mai faɗin kafaɗa wanda ba ya yawan magana, ya dube ni kawai ya ce, “Allah shi sa ka iya.” Na ce ai wannan aikina ne.

Na samu kaye, wato littafin rubutu, da fensir, na bi gayya biyu da aka yi a gonakin jigawa, ina ƙirga kuyyar kowa. Dogon nan yana yin ashirin, don haka shi ba shi da komai. Mai yin goma sha tara na ba shi ɗaya, mai goma sha takwas biyu, haka har kan wani tsoho mai furfura da na ba huɗu. Wannan duk daidai na yi. Da na zo kan yayana fa, ba shi da awo, tunda ba ya zuwa gayya. Ban je na kalli aikinsa ba, ban tambayi kowa ba. Ƙafarsa na tuna, na tuna bencin Kano, na rubuta shida. A lissafina in ya ci hauya ya ci rago, makaɗi ya kira shi, zuciyarsa za ta dawo. Na yi kwana uku ina lallashinsa kafin ya yarda zai fito, kuma ban gaya masa lambar ba.

Ranar jigawa gari ya fito, mata da tulunan fura a gindin gawo, makaɗi yana ɗaure ganga. Na tsaya da kayena ina karanta lambobi da ƙarfi, ina jin kaina kamar wani kumandan. Ana ta shewa, wanda aka ba biyu yana cewa uku ta dace da shi. Da na ce yayana shida, sai mutane suka fara kallon juna. Daga baya can wani ya ce, “To a miƙa mishi hauyar mana, mu sha hura mu watse.” Wasu suka ƙyalƙyale. Na saci kallon yayana. Ya tofa yawu a tafinsa ya kama aiki.

Noman hauya a jigawa aikin ƙafa ne. A tsaye kake, kana tura ta cikin rairayi kana tafiya, mai saurin taku shi ke gaba. Yayana yana jan ƙafarsa, zufa har ta jiƙe masa wando, bai tsaya shan fura ba ko sau ɗaya. Da aka kira azahar dogo ya yi ashirin ɗinsa. Yayana ya yi goma sha bakwai. Da na auna shi tun farko, uku ce lambarsa, da sun yi kunnen doki an tashi ana tafa masa. Amma da shidan da na ba shi sai ya zama ashirin da uku, ya wuce kowa fintinkau, kuma ko yaron goye ya ga ba hauya ce ta ci ba, fensir ne. Aka kawo masa sabuwar hauya. Bai karɓa ba. Ya tako har gabana, ya yi magana a hankali yadda ni kaɗai da na kusa muka ji. “Tsoho mai hurhura ka ba huɗu, ni ka ba ni shida. Ni na roƙe ka sadaka?” Ya saɓa tsohuwar hauyarsa ya bi hanyar gida.

Garin neman gira na rasa ido. Kwana huɗu bai yi mini magana ba. In na shigo zaure sai ya fita. Rana ta biyar matarsa ta same ni bakin rijiyar gida idonta jawur, ta ce ya fasa jiran kaka, kamyon ranar kasuwa zai bi, har ya sa ta wanke masa riguna. Ranar kasuwar kuwa ita ce washegarin gasar fadama. Na ji kunya, na ji tsoro, na kuma ji haushinsa, don har lokacin a ganina alheri na yi aka watsa mini ƙasa a ido.

Da la'asar ɗin ranar sarkin noma ya aiko a kira ni. Na same shi a ƙofar gidansa da galma a kafaɗa. Ya ce, “Ɗan Kano, taho mu tahi.” Bai gaya mini inda za mu ba. Muka bi ta bayan gari, muka gangara wajen tabki, sai ga mu a fadamar mahaifinmu. Ina jin nauyin faɗin wannan, amma tunda na dawo daga Kano ban taɓa taka ta da damina ba. Kullum ina ce wa kaina kada in je in tarar da shi yana fama in sa shi jin kunya.

Na tsaya ina kallo. Huɗa ce tun daga bakin hanya har gindin giginyun da ke iyaka, kuyyoyi manya, miƙaƙƙu, kansu ɗaya, dawa ta yi baƙi ƙirin a kai. Sarkin noma ya ce, “Gayyar mutum nawa ka gani nan?” Na ce ko goma. Ya ce, “Mutum guda na. Wanda ka ba shida.” Ya miƙo mini galmarsa, ya nuna wani ɗan gefe da ba a huɗe ba. “Taso mini kuyya guda in gani.”

Na tuɓe riga na duƙa. Ƙasar fadama ba rairayi ba ce, laka ce mai danƙo, in ka kafa galma sai ta riƙe ta, in ka ɗago kuma rabin gonar ya biyo ka. Ban kai tsakiya ba bayana ya ɗaure. Na miƙe ina haki. Tsohon yana tsugune yana sakace, ya ce, “Taku nawa ka yi?” Na duba, ban yi taku ashirin ba. Ya ce, “To ka gani. Jigawa ƙahwa taka ci, hwadama damtse da baya. Nan ba a gudu. Mutum shi kahe ƙahwa guda, shi ɗaga, shi aje, shi matsa kaɗan. Shekara huɗu yayanka shina nan shi kaɗai tun asuba. Ka taɓa duban damtsenai, ko ƙahwar kaɗai kaka kallo?”

Ya ci gaba, “Abin ga da ka kawo daga Kano ba baƙo ba ne. Tun kakanninmu in za a raba ma mutane aiki wurin gayya, sai an taka ƙasar tukuna. Wanda anka ba uku bisa tudu, biyu aka ba shi cikin laka. Kuma ba a auna mutum daga zaure. Turawan naka ba su hwaɗa maka haka ba?” A nan ne maganar dattijon Kano ta faɗo mini, da muryarsa da goronsa, likita ɗaya ne amma fili ba ɗaya ba ne. Na ce, “Baba, sun faɗa. Ni ne ban ji ba.” Ya ce, “To yanzu ka ji. Ɗauko kayen naka.”

Muka zauna a kan kuyya muka sake lambar kowa saboda fadama. Shi ya san hannun kowane magidanci a garin, ya san wanda ya tashi a laka da wanda bai taɓa huɗa ba sai a gonar surukai. Lambobin suka birkice. Wanda na ba ɗaya a tudu ya koma huɗu, tsohon nan mai furfura ya sauko biyu. Da muka zo kan dogo ya ce a rubuta uku. Da muka zo kan yayana kuwa, ya ce kada a rubuta masa komai, shi ne gwanin da za a auna kowa da shi. Na ce, “Baba, in fa ya faɗi? Gata zai hau mota.” Ya ce, “In ya hwaɗi, namiji ya hwaɗi. Waccan ranar da ya ci, mi ya ci?”

Washegari da safe na shiga wurin yayana. Yana zaune a kan tabarma yana ɗaure ƙunshin kayansa da igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a daƙile. Na ce, “Yaya, na yi kuskure, ka yafe mini. Jiya na je fadama.” Hannunsa ya ɗan tsaya a kan igiyar, ya ci gaba. Na ce, “An sake lamba. Gobe ba ka da ko ɗaya. Kai za ka ba dogo uku.” Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, karo na farko cikin kwana shida.

“Ni za ni ba shi?”

“Kai za ka ba shi.”

“Wa ya ce?”

“Sarkin noma. Ya ga huɗarka, ni ma na gani.”

Can ya ce, “Uku ta yi yawa. Yaron ga ba raggo ba ne, ya yi huɗa gonar kawunnai bara, na gane shi. Biyu dai.” Na ce uku aka rubuta. Ya ce ai wannan zalunci ne, ni da sarkin noma mun haɗa baki. Ya yi ta faɗa, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, don na san wannan faɗan. Shi na yi shekara bakwai ina ji a bakin masu tumbi a Kano. Bai kwance ƙunshin ba, amma da na fito na ji yana tambayar matarsa ina dutsen wasa galma.

Ranar fadama jama'a ta fi ta farko, don labari ya bazu cewa an juya lambobi. Wannan karon ban yi tsayuwar kumandan ba, kusa da sarkin noma na tsaya na karanta. Da na ce dogo uku, sai ya yi tsalle ya ce shi ba gurgu ba ne da za a ba shi rangwame. Kalmar ta fita kafin ya kama bakinsa. Yayana ya dube shi ya ce, “Karɓi abinka, ɗana. Kana buƙata tai kahin azahar.” Aka fashe da dariya, har shi dogon.

Aka kafa galma. Da farko samari suka yi gaba, laka tana tashi ta ko'ina. Yayana bai ko dube su ba. Ya kafe sandararriyar ƙafar a baya kamar turke, ya ɗaga, ya ajiye, ya matsa. Bugunsa ɗaya ne tun na farko, ba ya sauri ba ya lafawa. Sai ranar na ga damatsansa da kyau, na ga yadda bayansa ya faɗaɗa, na yi mamakin yadda muke gida ɗaya ban gani ba. Kafin rana ta take samari sun fara miƙewa suna dafe ƙugu. Ya cim musu ɗaya bayan ɗaya, ya wuce. Da ya wuce dogo, makaɗin nan, wanda shi ma ya tsufa, ya sauya kiɗa ba wanda ya sa shi. “Bijimin gabas, ka fita ana salla, ka dawo an ci tuwo.” Mata suka rangaɗa guɗa. Ni dai na juya baya na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido.

Dogo kuwa, in ba shi haƙƙinsa, bai saki ba. Da ya ga an wuce shi sai ya daina gaggawa, ya fara satar kallon yadda yayana yake yi yana kwaikwaya. Aka kira azahar, aka ajiye galma, muka bi muna ƙirgawa ni da sarkin noma, jama'a na biye da mu. Yayana kuyya goma sha ɗaya cif, babu wanda ya kusa shi. Dogo takwas da rabi. Aka ɗora masa ukunsa, ya zama goma sha ɗaya da rabi. Na sake ƙirgawa, na kuma sakewa, ko rabin nan zai ɓace. Bai ɓace ba. Da bakina na faɗa wa gari cewa dogo ya ci rago da rabin kuyya.

Na tsaya riƙe da kaye. A raina na ce shi ke nan, sau biyu ke nan ina kashe shi, gobe sai kamyo. Na hango yayana yana tahowa, laka har gwiwa, yana jan ƙafar a gaban kowa ba tare da ya damu da masu kallo ba. Ya tsaya wurin dogo tukuna, ya kama hannunsa ya ɗaga, ya shafa bayan ragon. Sannan ya iso gare ni, ya nuna ni da yatsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Ban ce maka uku ta yi yawa ba? Rabin kuyya! Baɗi biyu za ka rubuta, in ko ba haka ba a sake mai kaye.”

Mutane suna ta dariya, ni kalma ɗaya kawai na ji. Baɗi. Na dubi sarkin noma, ya kau da kai yana sakacensa kamar bai ji komai ba. Washegari kamyo ya zo ya tafi. Ƙunshin nan ban san ranar da aka kwance shi ba, na dai ga rigunan a jikinsa ranar Juma'a.

Shekara goma sha ɗaya muka yi muna wannan gasa kafin ta mutu, kuma kowace shekara sai an taka ƙasa an sake lamba. In bibbiyu za a yi, mu rage wa kowa, yadda dattijon Kano ya ce. A jigawa yayana yana karɓar ukunsa hankali kwance, har yana cewa huɗu ta kamata, don ya san mako mai zuwa shi zai bayar. Sau biyu ya ci ragon. Bai taɓa yarda lambarsa daidai take ba har ya bar duniya, kuma a Madarumfa ya bar ta, a ɗakinsa, 'ya'yansa ne suke noman fadamar yanzu.

Mutum biyu nake yi wa addu'a duk lokacin da na tuna wannan, dattijon da ya ba ni karatun a Jos na zubar da rabi, da tsohon da ya tsinto mini rabin a cikin laka, alhali bai taɓa ganin ƙwallon golf ba. Ba su san juna ba, amma magana ɗaya suka gaya mini. Allah ya jiƙansu, ya jiƙan yayana. Abin da na koya shi ne, tausayin da bai tashi ya je ya duba ba, raini ne ya sa rigar kirki. In za ka rage wa mutum kaya, fara zuwa inda yake aikinsa ka ga abin da yake ɗauka. Ni na auna yayana da ƙafar da ya rasa, na kusa rasa shi gaba ɗaya, alhali fadamar tana nan bayan gari, tafiyar da ba ta kai a sha fura ba.